Zaɓar Sassan Kwamfutar Kallo ta Falo ga Mai Ƙaramin Kasafi

Kwamfutar da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin domin kallon finafinai da sauraron kiɗa aiki ɗaya take maimaitawa kullum. Takan ɗauko bidiyo daga ma'ajiyarta ko daga intanet, ta warware shi, ta tura hoto da sauti zuwa talabijin ba tare da sarƙewa ba, kuma ana so ta yi hakan cikin shiru har mai kallo ya manta tana ɗakin. Wanda ya saba haɗa kwamfutar wasanni yakan shigo wannan fage da ma'aunin da bai dace ba, domin a can ƙarfin furosesa, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, da girman katin hoto ake dubawa, alhali a nan ƙaramar furosesa mai cin wat 6 tana iya kunna fim ɗin da tsohuwar furosesa mai cin wat 95 za ta yi ta haki a kansa. Duk wanda ya gane dalilin wannan abin mamaki ya gane inda ya kamata kuɗinsa su tafi, da kuma inda zuba su asara ce.

Tushen maganar shi ne yadda ake matse bidiyo. Hoto guda na 4K yana ɗauke da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 8, kuma fim yana nuna irin wannan hoto har 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Da za a ajiye fim na sa'a biyu a haka ba tare da matsewa ba, girmansa zai haura terabait 4, alhali faifan Ultra HD Blu-ray mafi girma gigabait 100 kaɗai yake ɗauka. Saboda haka aka ƙirƙiro tsare-tsaren matsewa, waɗanda kowane sabo daga cikinsu yake rage girman fayil fiye da na gabansa, amma kuma yake buƙatar lissafi mai yawa kafin a warware shi. H.264 ya fito a 2003, kuma har yau shi ne ya mamaye bidiyoyin 1080p. HEVC, wanda ake kuma kira H.265, ya biyo baya a 2013, kuma da shi ake matse faifan 4K. A 2013 ɗin ne kuma Google ya fitar da VP9 da YouTube ya dogara da shi, sannan AV1 ya zo a 2018 daga haɗakar kamfanonin da suka haɗa da Google da Netflix da Amazon.

Hanya biyu kwamfuta take da su na warware waɗannan fayiloli. Ko dai furosesa ta yi lissafin da kanta, ta ɗau zafi, fanka ta tashi da ƙara, ko kuma a miƙa aikin ga wani ɗan sashe da aka gina a cikin ɓangaren hoto na furosesa ko na katin hoto, wanda ba shi da wata sana'a sai aikin bidiyo. Wannan ɗan sashe, wanda Intel ya sanya wa suna Quick Sync tun 2011, yana gama aikin da wutar da ba ta taka kara ta karya ba, amma tsare-tsaren da aka gina shi da su kaɗai ya sani, kuma babu wata sabunta manhaja da za ta koya masa sabo. Shi ya sa shekarar da aka ƙera furosesa ta fi yawan ƙwayoyinta da saurinta muhimmanci ga wannan aiki.

A ɓangaren Intel, iyakar da ta fi kamata a riƙe ita ce zubi na 7 na furosesocinsa, wanda ake kira Kaby Lake, domin daga kansa ne aka samu cikakkiyar warwarewar HEVC mai bit 10 da kuma VP9, kuma HEVC mai bit 10, wato mai ɗaukar launuka fiye da mai bit 8, shi ne abin da kusan duk finafinan 4K masu HDR, fasahar ƙara zurfin haske da launi, suke amfani da shi. Zubi na 6 yana warware HEVC mai bit 8 ne kawai yadda ya kamata, don haka tsohuwar Core i7 ta wannan zubi tana bayan Core i3 ta zubi na 8 a wajen kallo, ko da yake ta fi ta suna. AV1 bai shigo ba sai a zubi na 11. Sai a kula da furosesocin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, domin an kashe musu ɓangaren hoto gaba ɗaya, kuma wanda ya sayi irinsu don rangwame dole ya ƙara da sayen katin hoto. A ɓangaren AMD kuwa, Ryzen 5 5600G da 'yan uwanta suna warware HEVC da VP9 lafiya lau amma ba su san AV1 ba, haka ma katunan RX 6400 da RX 6500 XT, duk da cewa sauran katunan jerin RX 6000 sun san shi.

A ganina rashin AV1 bai kai ya hana sayen na'ura mai araha ba. YouTube yana ajiye bidiyo a tsari fiye da ɗaya, kuma yakan ba na'urar da ba ta san AV1 ba nau'in VP9, sannan furosesa mai matsakaicin ƙarfi tana iya warware AV1 na 1080p da kanta. Rashin HEVC mai bit 10 ne ba shi da magani mai sauƙi ga mai talabijin na 4K. Wanda kuwa talabijin ɗinsa 1080p ne, kuma ba shi da niyyar canza shi nan kusa, kusan duk kwamfutar da aka ƙera cikin shekaru goma da suka wuce za ta ishe shi, kuma yawancin abin da ke tafe game da HDMI bai shafe shi ba.

Warware fim rabin aiki ne, sauran rabin shi ne fitar da shi, kuma a nan ne masu saye suka fi faɗawa rami. Ramin HDMI kamanninsa ɗaya a kowace na'ura, amma abin da ke bi ta cikinsa ya bambanta sosai. HDMI 1.4 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, wanda ke nufin 4K ba zai wuce hoto 30 a daƙiƙa ba. HDMI 2.0 na shekarar 2013 ya kai gigabit 18, ya ba da damar hoto 60 a daƙiƙa, sannan gyaran 2.0a na 2015 ya ƙara HDR. HDMI 2.1 na 2017 yana kai wa gigabit 48, amma amfaninsa ya fi karkata ga masu wasanni, kuma mai kallon fim ba ya buƙatar biyan ƙarin kuɗi dominsa. Matsalar ita ce mafi yawan furosesocin Intel daga zubi na 7 zuwa na 10, waɗanda suka iya warware 4K, HDMI 1.4 kaɗai suke fitarwa da kansu, sai dai idan mai ƙera madabod, wato babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kansa, ya ƙara wani ɗan guntun da ke juya siginar DisplayPort, wani nau'in ramin hoto, zuwa HDMI 2.0. Wasu sun ƙara, da yawa ba su ƙara ba, kuma ba a rubuta hakan a jikin akwati. Mutum zai jona kwamfutar, hoto ya fito tas a 4K, amma ya ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗingishi, bidiyon wasan ƙwallo kuma yana tsalle-tsalle, domin allon ya maƙale a hoto 30. Abin yi shi ne a buɗe takardar bayanan madabod ɗin a shafin kamfaninsa, a nemi layin da ya ambaci iyakar abin da ramin HDMI yake fitarwa, a tabbatar an ga 4096 ko 3840 tare da 60Hz, wato hoto 60 a daƙiƙa, a kusa da kalmar HDMI, domin sau da yawa wannan adadi na DisplayPort ne aka rubuta a layin da ke sama.

Da wannan a zuciya, hanyoyi uku ne a gaban mai ƙaramin kasafi. Ta farko ita ce sayen ƙananan kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su, irin su Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny, waɗanda kamfanoni suke sauke su da yawa bayan 'yan shekaru. An ƙera su da inganci kuma ba su da hayaniya, amma yawancinsu DisplayPort ne a bayansu, don haka sai an nemi adafta mai guntun lantarki a ciki wadda aka rubuta cewa tana ɗaukar 4K a 60Hz, kuma ko da ita HDR ba ya cika tafiya daidai. Wanda zai sa Windows 11 ya nemi zubi na 8 zuwa sama, tun da Microsoft ba ya karɓar mafi yawan waɗanda suka gabace shi, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ta biyu ita ce sababbin ƙananan kwamfutoci masu Intel N100, furosesar da ta fito a 2023 da ƙwayoyi 4 da wat 6, wadda ta san HEVC da VP9 da AV1 duka, kuma take fitar da 4K a 60Hz ba tare da dabara ba. Ga wanda kallo kaɗai yake so, wannan ita ce hanyar da na fi ganin hikimarta, sai dai ingancin fanka da na adaftar wuta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a nan ne masu araha sosai suke tsuke hannu. Ta uku ita ce haɗa kwamfuta sashe-sashe, wadda ta fi tsada a mafi yawan lokuta, amma ita ce ke ba da wurin faifan ajiya da yawa da damar ƙara katin hoto daga baya.

Akwai kuma 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wanda na 4 da na 5 duka suna warware HEVC na 4K, ko da yake na 5 an cire masa sashen warware H.264, furosesarsa ce take yin aikin da kanta.

Idan mutum ya riga yana da tsohuwar kwamfuta a ajiye, ƙara mata ƙaramin katin hoto yakan fi sayen sabuwa sauƙi, tun da katin yana kawo sabon sashen warwarewa da sabon ramin HDMI a lokaci guda. GeForce GT 1030 yana cin wat 30, yana da HDMI 2.0b, kuma akwai nau'insa marar fanka, sai dai iri biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya, mai ƙwaƙwalwar GDDR5 da mai DDR4 wanda ya gaza shi nesa ba kusa ba. Intel Arc A310 da A380 sun san AV1, amma sun fi jituwa da sababbin madabod. Ko wanne aka zaɓa, a auna tsayin akwatin tukuna, domin siririn akwati gajeren kati kaɗai yake ɗauka.

Batun RAM gajere ne. Gigabait 8 ya wadatar da Windows da burauza, kuma manhajar sarrafawa mai sauƙi irin LibreELEC ba ta cinye ko gigabait 2. Idan madabod yana da ramuka biyu, sanda biyu ta gigabait 4 ta fi sanda ɗaya ta 8, saboda ɓangaren hoto na cikin furosesa daga RAM yake aro, kuma hanya biyu ta fi ɗaya faɗi. Wannan shawara ba ta shafi N100 ba, wadda hanya ɗaya aka yi mata. Manhajar sarrafawa kuma a ɗora ta a kan SSD, ko da ƙarami ne, kuma babu bambancin da ido zai gani tsakanin nau'ansa na SATA da NVMe a wajen kunna fim. Faifai mai juyawa har yanzu shi ne mafi araha wajen tara finafinai, kuma mai juyi 5400 a minti ya fi mai 7200 shiru da sanyi, tare da cewa saurinsa ya ninka abin da fim yake buƙata sau da yawa. Mafi kyau ma shi ne a kai faifan wani ɗaki a jona shi ta hanyar sadarwar gida. A nan sai a tuna cewa fim ɗin da aka kwafo daga faifan 4K yana iya haura megabit 100 a daƙiƙa a wuraren da hoto ya cika motsi, don haka ramin sadarwa mai megabit 100 zai shaƙe, ana buƙatar mai gigabit 1, kuma waya ta fi Wi-Fi tabbas.

Ƙara ita ce abin da masu haɗawa suka fi rainawa a lokacin saye, kuma ita ce suka fi kuka da ita daga baya. A ofis ba a jin kwamfuta saboda hayaniyar mutane, amma a falo da dare, lokacin da jaruman fim suka yi ƙasa da murya, siririn kukan ƙaramar fanka yana shiga kunne ya ƙi fita. Ƙa'idar mai sauƙi ce: fanka mai faɗin milimita 120 da ke juyawa a hankali tana tura iskar da mai milimita 40 ba za ta tura ba sai ta yi gudu kamar za ta tashi sama, kuma gudun ne ke haifar da ƙarar. Don haka akwatin da ya ɗan fi girma yakan fi ɗan mitsitsi shiru, kuma madabod na microATX mai milimita 244 a kowane gefe yakan fi Mini-ITX mai milimita 170 araha, idan kantar talabijin tana da wuri. A zaɓi fanka mai fil 4, wadda madabod yake iya rage mata gudu daidai da zafin furosesa, sannan a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a saita ta. Kantar da za a sa kwamfutar ma sashe ce ta lissafin, domin idan aka rufe ta a cikin durowa marar mafitar iska, zafin da ta fitar shi za ta sake shaƙa, fankar kuma ba za ta huta ba.

Na'urar rarraba wuta tana da nata tarkon. Kwamfutar kallo marar katin hoto ba ta cika wuce wat 30 zuwa 40 ba yayin kunna fim, kuma takan sauka ƙasa da haka idan tana zaune. Shaidar 80 Plus ta asali tana auna inganci ne a kashi 20 da 50 da 100 cikin ɗari na nauyin da na'urar za ta iya ɗauka, saboda haka na'ura mai wat 750 da aka ɗora wa wat 25 tana aiki ne a wurin da ba a auna ba, inda asarar wuta ta fi yawa. Ƙarama mai wat 300 daga kamfanin da aka sani ta fi dacewa, ko kuma irin picoPSU da ke aiki da adafta ta waje kuma ba ta da fanka ko ɗaya. Wannan ne sashen da araha ba ta ado a cikinsa, domin na'urar wuta marar inganci idan ta lalace takan tafi da madabod.

Ana iya sayen sassa masu kyau duka amma hoto ya ƙi daɗi saboda rashin daidaito tsakanin fim da allo. Yawancin finafinai ana ajiye su ne a hoto 23.976 a daƙiƙa, allon kwamfuta kuwa a 60 yake tsayawa, kuma 24 ba ya shiga 60 daidai. Abin da na'ura take yi shi ne ta nuna hoto ɗaya sau 3, na bayansa sau 2, haka har ƙarshe, kuma ana ganin sakamakon a lokacin da kyamara take bin wani fili a hankali daga hagu zuwa dama, inda gine-gine da bishiyoyi suke tafiya da ɗan tsaiko maimakon su sulale. Manhajar kunna finafinai ta Kodi, wadda ta faro a kan Xbox da sunan XBMC kafin a canza mata suna a 2014, tana da saitin da ke sa talabijin ya koma gudun fim ɗin da zarar an kunna shi, kuma wannan saiti na kyauta yana gyara abin da katin hoto mai tsada ba zai gyara ba.

A wajen sauti ba a buƙatar katin sauti ko kaɗan, tun da HDMI yana ɗauke da sautin kamar yadda yake a cikin fayil ya kai wa amfilifaya ta warware. Wayar haske ta S/PDIF tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na da, amma ba ta da faɗin ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, haka ma ARC, hanyar da talabijin yake mayar da sauti ga amfilifaya ta HDMI, sai sabon nau'insa eARC. Mai tsohuwar amfilifaya wadda ba ta wuce da 4K yana iya tura hoto kai tsaye zuwa talabijin ta rami ɗaya, ya tura sauti zuwa amfilifaya ta rami na biyu, wanda hakan dalili ne na son madabod mai mafita biyu.

Akwai inda kwamfuta take gazawa komai kyawun sassanta, wato kariyar haƙƙin mallaka ta kamfanonin yaɗa finafinai. Netflix ba ya ba kwamfuta 4K sai an cika sharuɗɗa a jere, waɗanda a Windows suka haɗa da furosesa ko katin hoto da ya amince da shi, da manhajar HEVC, da kariyar HDCP 2.2 a kowace gaɓa har zuwa talabijin. A kan Linux yawancin waɗannan kamfanoni suna rage hoton zuwa 1080p ko 720p. Dolby Vision ma tallafinsa a kwamfuta bai taka kara ya karya ba. Kunna faifan 4K na asali kuwa ya dogara ne da fasahar SGX, wadda Intel ya cire daga furosesocinsa na gida tun zubi na 11, har ya zama sababbi sun kasa abin da tsofaffi suke yi. Don haka wanda duk kallonsa daga irin waɗannan kamfanoni ne, ƙaramin akwatin yaɗawa irin Apple TV ko Fire TV zai fi yi masa hidima. Kwamfuta tana cin kuɗinta ne a hannun mai tarin fayilolinsa, ko mai son manhajojin Jellyfin ko Plex su raba finafinai ga sauran na'urorin gida, ko mai haɗa kallo da burauza da ƙananan wasanni.

Sai a ware wani abu daga kasafin domin abin sarrafawa, domin kwamfutar da sai an tashi an nemi linzami kafin a tsayar da fim ba za ta daɗe a falo ba. Fasahar HDMI-CEC tana ba rimot ɗin talabijin damar sarrafa na'urar da aka jona, kuma Raspberry Pi yana da ita tun daga masana'anta, amma mafi yawan kwamfutoci ba su da ita sai an ƙara adaftar USB irin ta Pulse-Eight. Flirc kuma ɗan guntun USB ne da ke koyon maɓallan kowane rimot mai infirared ya mayar da su maɓallan kibod.

Bayan an gama haɗawa, a kunna fayil mafi nauyi da ake da shi a Kodi, a danna harafin O a kibod, a duba layin mai warware bidiyo. Idan an ga HW a ƙarshensa, sashen warware bidiyo da aka sayi na'urar dominsa ne yake aiki, kuma nauyin furosesa zai tsaya ƙasa. Idan SW aka gani, furosesa ce take ɗauke da kayan, kuma sai a duba direban hoto da saitin Kodi tun kafin wa'adin mayar da kaya ga mai sayarwa ya wuce.